Shafi na Uku: Yadda Wata Malamar Hausa Ta Mallaki Adireshinta a Intanet da Wayar Hannu

Asalin lamarin: Maris zuwa Oktoba 2020

Malamar da wannan nazari ya shafa tana koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Zariya, daga aji huɗu zuwa aji shida. Ba ta da kwamfuta a gida, ta makaranta kuma a ofishin firinsifal take kwana. Abin da ke hannunta wayar Android ce mai matsakaicin kuɗi, sai tulin littattafan shirin darasi da ta cika da biro shekara da shekaru: tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, ƙa'idojin rubutu, insha'i, fassara, adabin baka da al'adu, kamar dai yadda ake tambayarsu a jarrabawar WAEC da NECO.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, ga 'yan aji shida jarrabawa na gabansu. Sai ta buɗe musu guruf a WhatsApp, tana buga darasi da ɗan yatsa tana turawa. A lokacin guruf ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, ɗaliban wasu makarantu kuwa sun ji labari suna ta roƙon a saka su. Kafin a fara WAEC ɗin shekarar ranar 17 ga Agusta, guruf ya zama uku, kowane darasi sai ta tura shi sau uku.

Wahalar turawa ita ce ƙarama. Wanda ya shigo guruf yau ba ya ganin abin da aka tura jiya, don haka kullum wayarta cike take da "Malama don Allah a sake turo na wakilin suna." Wayoyin ɗaliban da yawa na iyayensu ne ko na yayyensu, da zarar waya ta cika sai a goge komai. Darasi kan fita daga guruf ya zaga gari, ya dawo mata an cire sunanta. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne gyara. Ta taɓa yin kuskure a wani misali na rabewar gaɓa, ta gyara washegari, amma mai kuskuren ne ya ci gaba da yawo, domin shi ya riga fita. Ta gwada Facebook, nan ma rubutu kwana biyu yake yi a sama ya nutse ƙarƙashin hotunan biki da ta'aziyya.

Abin da take nema a bayyane yake: wuri ɗaya mai adireshin da ba ya canzawa, darussa a jere bisa fanni ba bisa ranar da aka rubuta su ba, gyara ɗaya ya wadatar, shafi ya buɗe ko da sabis ya yi rauni, kuma ɓ da ɗ da ƙ su fito yadda suke. Na ƙarshen nan ba ado ba ne a wurin mai koyar da ƙa'idojin rubutu, maki ne a takardar jarrabawa.

Gwaji na farko: Nuwamba 2020 zuwa Nuwamba 2021

Wani malami abokin aikinta ya haɗa ta da wani saurayi ɗan shekarar ƙarshe a jami'a, mai haɗa wa mutane shafuka. Suka yi ciniki, ta biya shi kuɗin aiki da na adireshi da na masaukin shafi (wurin da kamfani ke ajiye shafin a intanet) na shekara ɗaya, duka a dunƙule. Ya gina mata da WordPress, manhajar da ta fito tun 2003 wadda a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke. Zaɓin ba shi da laifi. Cikin mako biyu shafi ya hau, da hotuna masu zamewa a sama da sunanta da manyan baƙaƙe.

Matsala ta farko nauyi ce. Hoton da waya ta ɗauka kan kai megabayit 3 zuwa 4, shi kuwa ya jera da dama a shafin farko ba tare da ya rage girmansu ba. Ɗalibar da ke Tudun Wada da daddare, ko wadda ta tafi ƙauye hutu, sai ta zauna tana kallon farin allo. Lissafin mai sauƙi ne: shafi mai megabayit 4, buɗewa 250 ta cinye data gigabayit ɗaya. Yarinyar da ta ari wayar babanta ba za ta sake samun aron ba idan ta ƙarar masa da data.

Ta biyu haruffa ne. Samfurin rubutun (zanen haruffa) da ya zo da rigar shafin, wato shiryayyen tsarin da ke ba shafi kamanninsa, an zana shi ne don harsunan Turai, babu ƙugiyoyin Hausa a cikinsa. A irin wannan hali burauza kan aro harafin da ya ɓace daga wani samfurin, sai a ga ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta ɗan ɗara sauran tsawo. A wasu tsofaffin wayoyi kuwa ɗan akwati ne ke fitowa a gurbinta. Ta yi masa magana, ya ce daga wayoyin ne.

Ta uku ba ta bayyana ba sai bayan wata shida. Rigar shafin ta sayarwa ce, shi kuma ya samo ta kyauta ta bayan fage. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, sau da yawa kuma wanda ya fasa su ya cusa nasa a ciki. Wata uwa ce ta kira Malama ta ce ta ga tallar caca a ƙasan darasin karin magana. Saurayin ya goge, bayan mako uku ta dawo.

Duk da haka shafin ya yi rana. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida, daga yamma zuwa dare a agogon Nijeriya. Ɗaliban da ke da gwaji washegari a shafin suka yi karatu.

Bayan wata ɗaya shekara ta cika, shafi ya ɗauke. Sai a lokacin ta san cewa adireshin da sunan saurayin aka yi masa rajista, da imel ɗinsa, kuma can aka riƙa aika saƙonnin tunin biyan kuɗi. Shi kuwa ya tafi bautar ƙasa a kudu, layinsa ba ya shiga. A ƙa'idar adireshi mai ƙarewa da .com, bayan wa'adi ya ƙare akwai ɗan lokacin rangwame, sannan kwana 30 da za a iya fanso shi da kuɗi mai yawa, amma mai rajistar ne kawai ke da ikon yin hakan. Kamfanin masaukin ma ya ce ba ya magana sai da mai asusu, kuma gaskiyarsa. Darussa kusan 40 ne a ciki. Waɗanda ta fara turawa ta WhatsApp ta tsinto su a can, wasu kaɗan aka samo a Wayback Machine, rumbun Internet Archive da ke adana hoton tsofaffin shafuka. Waɗanda ta buga kai tsaye a cikin shafin sun tafi.

Gwaji na biyu: Janairu zuwa Afrilu 2022

Wannan karon ta ce ba ta ƙara ba kowa. Ta buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin waje masu ba mutum damar haɗa shafi da kansa, ya jawo akwatin rubutu nan, ya ajiye hoto can. A yammaci ɗaya ta ga shafinta a intanet ba tare da ta biya ko sisi ba, kuma ba da taimakon kowa ba. 

Tsarin kyautan yana da sharuɗɗansa, kuma ba a ɓoye su ba. Adireshin dogo ne, sunan kamfanin a ciki, ba ya faɗuwa a aji balle a rubuta shi a allo. Akwai tallar kamfanin a saman kowane shafi. Wurin shirya shafin kuma an yi shi ne don faffaɗan allo da linzamin kwamfuta. A waya sai ta jawo akwati ɗaya, na kusa da shi ya goce.

Cire talla da saka adireshin kai sai an biya, da dala, kowane wata ko kowace shekara. A nan ta ci karo da bangon da ba na fasaha ba. A 2022 bankunan Nijeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya biya a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, kafin shekarar ta ƙare wasu suka dakatar gaba ɗaya. Biyan shekara guda ya wuce wannan iyaka. An ba ta shawarar ta nemi wani mai katin dala ya biya mata ta mayar masa da naira a farashin bayan fage. Ta tuna inda dogaro da asusun wani ya kai ta, ta ƙi.

Tambayar da ta rufe wannan babi ita ce: idan ta tashi barin kamfanin, za ta iya kwashe darussanta? Babu hanyar fitar da su a dunƙule su hau wani wuri, sai dai ta buɗe ɗaya bayan ɗaya ta kwafa. Ta tsaya a darasi na 12. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ginin na uku: Mayu zuwa Satumba 2022

Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Ɗiyar yayar Malama, ɗalibar kimiyyar kwamfuta a aji uku, tana zaune a gida da laftof ɗinta ba abin yi. Malama ta gindaya mata sharuɗɗa uku: komai da sunanta da imel ɗinta, komai a biya da naira ko kada a biya, kowane darasi kuma ya kasance tana da kwafinsa a fayil ɗin da za ta iya buɗewa ko da shafin ya mutu.

Yarinyar ta kawo hanya biyu. Ta farko Blogger, wanda ya fara tun 1999 kuma ya koma hannun Google a 2003: kyauta ne, ana aiki da shi a waya, yana karɓar adireshin mutum ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai dai jerinsa na asali sabon rubutu ne a sama, tsoho ya yi ƙasa, ita kuwa so take tsarin sauti ya zo kafin ƙirar kalma ko da wanne ta fara rubutawa. Ana iya lanƙwasa shi da laƙabobi, amma sharaɗi na uku ya karkata su ga hanya ta biyu, wato shafin da ake haɗawa tun kafin baƙo ya zo.

Bambancin kamar na mai shayi ne da mai ƙosai. WordPress a tsarinsa na asali, duk wanda ya zo sai an fasa masa ƙwai an soya: saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta karɓi buƙata, ta tambayi rumbun bayanai, ta haɗa shafi, ta miƙa. Ɗaya hanyar kuwa an riga an soya an jera a tire, miƙawa kawai ake yi. Babu rumbun bayanai, babu ƙofar shiga ta masu gudanarwa da ɓarawo zai yi ta gwada kalmar sirri a kanta, babu ƙananan manhajojin da za a yi ta sabuntawa. Saboda aikin miƙa fayil ba shi da tsada, akwai kamfanonin da ke ba da masaukinsa kyauta.

Kayan aikin guda huɗu ne. Ana rubuta darasi da Markdown, salon da John Gruber ya fitar a 2004: rubutu ne zalla, alamar # a farkon layi ta mai da shi kanun magana, tauraro biyu a gefe da gefe su kaurara kalma. Malama ta riga ta saba da irin wannan a WhatsApp, don haka ba ta ɗauki rabin awa tana koyo ba. Hugo, manhajar kyauta da ta fito a 2013, ita ke ɗaukar waɗannan fayiloli ta mai da su shafuka, ta jera su bisa manyan jakunkunan da aka zuba su: harshe, adabi, al'ada. GitHub ke adana fayilolin tare da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi, sashensa na GitHub Pages kuma shi ne masaukin. Iyakarsa gigabayit 1 ga girman shafi, da kimanin gigabayit 100 na zirga-zirga a wata. Darasi mai kalma 1,500 bai wuce kilobayit 10 ba, don haka iyakar ba ta ma shafe ta ba.

Na huɗu shi ne adireshi, kuma shi kaɗai aka biya. Sun sayi mai ƙarewa da .com.ng daga ɗaya daga cikin dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su. A lokacin 'yan dubban naira ne a shekara, ta tura ta banki. Malama ce ta cike fom ɗin da hannunta, ta rubuta ranar ƙarewar wa'adin a bangon rajistar ajinta. Haɗa adireshin da masaukin aikin minti goma ne: lambobi huɗu ake kwafowa daga GitHub a saka a asusun dillalin, a jira su bazu. Takardar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https, wadda a da ake saya duk shekara, yanzu kyauta take zuwa daga Let's Encrypt, kuma tana sabunta kanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, iyaye kuma suna ganin tambarin.

Batun haruffa ya ɗauke su kwanaki. Sun zaɓi Andika, samfurin rubutun da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana don masu koyon karatu, wanda ke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ manya da ƙanana, kuma lasisinsa ya yarda a yi amfani da shi kyauta. Yarinyar ta yanke shi ya rage haruffan da Hausa da Ingilishi ke buƙata kawai, don kada ya yi nauyi. A adireshin kowane darasi kuwa sun bar ƙugiya da gangan, domin idan aka kwafi linki mai ƙ aka liƙa a WhatsApp, sau da yawa %C6%99 ke fitowa a gurbinta, linkin ya zama abin tsoro. Kanun darasin yana da ƙugiyarsa, linkin ne kawai ba shi da ita. An cire hotunan ado gaba ɗaya, aka bar zanen gaɓoɓin furuci da bishiyar li'irabi, su ma an matse su. Shafi mafi nauyi bai kai kilobayit 100 ba. Gigabayit ɗin da a da ke ƙarewa a buɗewa 250, yanzu zai kai 10,000.

Inda ya tsaya: Oktoba zuwa Disamba 2022

Aka janye yajin aiki, yarinya ta koma makaranta da laftof ɗinta, shafi ya tsaya cak. Yana buɗewa lafiya lau, amma ba sabon darasi. Dalilin shi ne duk tsawon watannin nan Malama rubutu kawai take yi ta tura wa yarinyar, ita ce ke gudanar da Hugo a laftof da umarnin da ake bugawa a baƙin allo, sannan ta loda sakamakon. Ba wanda ya lura cewa an sake gina irin dogaron farko, sai dai wannan karon da 'yar gida. Darussa takwas suka taru a waya, zango ya ƙare ba su hau ba.

A hutun Disamba aka gyara. Yarinyar ta rubuta ɗan fayil guda na GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da aiki da kansa a kwamfutocin kamfanin, kuma kyauta ne ga ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa. Daga ranar, duk lokacin da aka ƙara fayil ko aka gyara, Hugo na tashi can ya haɗa shafin ya ɗora, cikin minti ɗaya ko biyu. Aikin Malama ya koma haka: ta rubuta darasi a manhajar ajiye rubutu ta wayarta ba tare da data a kunne ba, da allon rubutun Gboard na Hausa mai ƙugiyoyi, ta kunna data, ta buɗe GitHub a burauza, ta liƙa, ta danna koren maɓalli.

Makon farko sau biyu ginin yana faɗuwa, kuma duka biyun daga rubutun Hausa ne. A saman kowane fayil akwai 'yan layuka da ke gaya wa Hugo kanun darasi da matsayinsa a jeri. A wannan wuri alamar ruwa biyu tana da aiki na musamman, ita ke raba suna da abin da ke cikinsa. Malama ta rubuta kanu mai ruwa biyu a tsakiya, kamar yadda ta saba a allo, sai na'ura ta rikice. Na biyun ya fi ban haushi: kanun ya fara da 'y, na'ura kuma ta ɗauki alamar a matsayin buɗe zance, ta yi ta jiran a rufe. Maganin duka ɗaya ne, a sa kanun a tsakanin alamun zance masu baki biyu. Yarinyar ta yi mata fayil na samfuri da alamun a shirye, ta ce, "Anti, wannan za ki riƙa kwafa, tsakiyar kawai za ki canza."

Akwai kuma wata dabi'ar Hugo ta ƙawata alamomin rubutu irin na Turanci, wadda kan iya juya alamar 'y a farkon kalma ta fuskanci inda bai kamata ba. Layi ɗaya aka ƙara a fayil ɗin saiti aka kashe ta. Akwatin bincike ma sai da aka yi masa dabara. Ɗalibai ba sa buga ƙugiya idan suna nema, kuma a Unicode, tsarin da na'urori ke bi wajen tantance haruffa, ƙ harafi ce mai zaman kanta, ba k ce da aka ɗora wa alama ba, don haka hanyar da ake bi a tuɓe wa haruffan Faransanci alamominsu ba ta aiki a kanta. Da hannu aka rubuta ɗan jadawalin da ke daidaita kowace mai ƙugiya da marar ƙugiyarta a lokacin bincike kawai.

Ƙari na ƙarshe daga Malama ya fito. 'Yan makarantar kwana ba a barinsu da waya, don haka aka shirya shafin yadda idan an buga shi a takarda, jerin gefe da maɓallai za su ɓace, darasi ya fito fes da sunanta da adireshin a ƙasa. Iyaye kan buga a shagon fotokwafi su kai ranar ziyara.

Abin da ya biyo baya: 2023 zuwa 2024

Abubuwa uku suka gwada ginin. A 2023 GitHub ya fara wajabta matakin tsaro na biyu wajen shiga asusu. Yarinyar ta sa Malama ta kwafi lambobin ceto a takarda ta ajiye tare da takardun makarantarta. Da wayar ta faɗa ruwa a damina, da takardar aka shiga asusun a sabuwar waya.

A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 750 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Duk mai biyan shafinsa da dala a farashin hukuma, kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Ita kuɗin adireshi kawai ta sabunta.

Na uku shi ne gyara, abin da tun farko ya kore ta daga WhatsApp. Wani malami daga Katsina ya aiko mata cewa akwai misalin da bai dace ba a darasin lokutan aikatau. Ta duba ta ga haka ne, ta gyara a motar haya kan hanyar makaranta. Guruf-guruf ɗin suna nan, amma yanzu linki take turawa ba darasi ba, don haka duk wanda ya danna, ko linkin ya shekara yana yawo, gyararren zai gani. Ba ta saka na'urar ƙirga baƙi ba, don haka babu adadin masu karatu da za a kawo a nan. Darussan sun haura 60, kuma tun Janairun 2023 ba wanda ya ɗora ko ɗaya sai ita.

Hukunci

A ganina WordPress bai kayar da gwajin farko ba. Da adireshin da asusun masaukin da sunanta suke, da an yi amfani da riga mai sauƙi daga rumbun manhajar na hukuma, da shafin yana nan har yau. Gwaji na biyu shi ne mafi sauƙin farawa a cikin ukun, kuma ga mai shago da ke son shafi biyar da lambar waya, wanda kuma ke da hanyar biyan dala, ya isa. Abin da bai dace da ita ba shi ne kuɗin da ba ta iya biya da ƙofar fita da ba ta gani ba.

Na ukun ya yi aiki ne saboda an raba aikin gida biyu. Akwai na sau ɗaya: saiti, haruffa, haɗa adireshi, fayil ɗin da ke gina shafi. Wannan har yanzu yana buƙatar wanda ya san kan abin, kuma duk mai cewa kowa zai iya shi kaɗai da waya bai gwada ba. Akwai kuma na kullum, shi ne kayan zamani suka sauƙaƙa da gaske, har ya koma rubutu da liƙawa da danna maɓalli. Watannin da shafin ya yi a tsaye sun nuna cewa kafin a kai ga wannan rabuwa, ginin bai ƙare ba, ko da yana buɗewa.

Ba zan ba kowa shawarar bin hanyarta ba. Malamin da ba shi da ɗalibar kwamfuta a gida, Blogger da adireshin .com.ng da ya saya da sunansa za su kai shi mafi yawan tafiyar a yini ɗaya, muddin yana sauke kwafin rubutunsa lokaci-lokaci. Kuma masaukin kyauta alheri ne na kamfani, yana iya canza sharuɗɗa. Bambancin shi ne idan hakan ta faru, fayilolinta za su hau wani masaukin, kamar Netlify ko Cloudflare Pages, yadda suke, a juya adireshin ya nuna can, ɗalibi ba zai san an yi ƙaura ba.

Abu biyu ba su warware ba. Maɓallan GitHub da saƙonnin da yake aikowa idan gini ya faɗi duk da Turancin masana suke, har yanzu hoton allo take ɗauka ta tura wa yarinyar. Sannan darasin tsarin sauti yana son murya, don ɗalibi ya ji bambancin dogon wasali da gajere da hawa da saukar karin sauti, fayil ɗin murya kuwa na minti biyar kawai ya fi darussa da yawa nauyi a haɗe. Zuwa ƙarshen 2024 muryar tana tafiya ta WhatsApp, rubutun yana shafi, ɗalibi ne ke haɗa su da kansa.